Bitil ba ta shan ruwa: yadda za ka yi wa injinta sabis da hannunka

Bitil ɗin da ke ƙarƙashin darbejiyar ƙofar gidanmu ta girme ni. Mahaifinmu ya saye ta yana malamin firamare, 'yan shekaru bayan kamfanin Volkswagen ya fara haɗa irinta a Legas a 1975, kuma da ita ya riƙa zirga-zirga tsakanin ƙauyenmu da Ringim har ya yi ritaya. Da ta dawo hannuna na kai ta wani gareji a bakin titi, yaron da ya tare ni ya zagaya ta sau biyu, ya leƙa gaba ya ga tanki da safayar taya, ya dawo ya ce, "Yallaɓai, ina ake zuba mata ruwa?" Ban ga laifinsa ba. A kan Golf da babura ya buɗe ido, kuma tun 2003 aka ƙera ta ƙarshe a irin wannan tsohuwar Bitil a Meziko. Ranar na gane in dai ina son motar nan ta ci gaba da motsi, sai na koyi cikinta da kaina.

Wanda ya koya mini wani tsohon bakanike ne a Kano, ya daina aiki, sai dai ya zauna a benci yana nuni da sanda. Abin da ya fara cusa mini shi ne wannan inji, da ke bayan mota, ba shi da lagireto, wato tankin ruwan sanyaya inji. Silinda huɗu ne a kwance, biyu dama biyu hagu, abin da ke sanyaya su kuwa iska ce da wata fanka ke hurawa, sai baƙin mai lita biyu da rabi kacal. A ƙasar da zafin watan Afrilu ke haura digiri 40, ga ƙurar hunturu, ga yashi, kusan duk abin da ke kashe injin Bitil zafi ne. Zafin kuma ba daga sama yake faɗowa ba, daga bawul ne da ya matse, ko taimin (lokacin da fulogi ke ba da wuta) da ya goce, ko fambel (bel ɗin da ke juya fanka) da ya saki, ko wata leda da fanka ta haɗiye.

Kafireto shi ne mai haɗa fetur da iska. Na ce masa, "Baba, ni fa ina ganin kafireto ne ke damun ta." Ya yi dariya ya ce, "Ɗan nan, kafireto ba shi da baki, shi ya sa kowa ke ɗora masa laifi. Shi ne na ƙarshe. Ka bar kaza cikin gashinta sai ka gama da sauran." Jerin da zan bi a nan nasa ne, kuma jerin yana da dalili: kowane mataki yana canza na bayansa.

Kayan aiki ba su da yawa. Sifana mai lamba 10, 13 da 21, sifanar fulogi, sukudireba babba da ƙarama, filaya, fila-geji wato siraran ƙarafan nan na auna tazara, da ƙwan mota guda da ka ɗaura wa waya biyu. Gaskit na murfin bawul, gaskit na farantin mai, kwantak, kwandansa da fambel ka nemo su a Ƙofar Ruwa tun kafin ranar aiki, ka tafi da tsofaffin a hannu don a gwada. Ka tanadi tabarma ko buhu, da ɗan littafi da biro. Duk inda na ce dama ko hagu, ina nufin kana tsaye a bayan mota kana fuskantar gabanta.

Bawul, da sanyin asuba

Wannan aiki ba a yin sa sai inji ya kwana bai tashi ba. Kawunan silinda na alminiyam ne, suna buɗewa da zafi, awon da ka yi da rana bayan ka dawo daga kasuwa ƙarya ne. Ka idar da sallar asuba, gari ya ɗan waye, ka sa giya a firi, ka ja burkin hannu, ka tokare tayoyi da duwatsu.

Ka fara sanin silindojinka. Na 1 yana dama ta gaba, na 2 dama ta baya kusa da kai, na 3 hagu ta gaba, na 4 hagu ta baya. Cire murfin distirbuta, wato mai raba wa fulogai wuta, za ka ga wani ɗan tsagi a bakin kwanonta. Ka juya inji da hannu ta fulin dinamo har bakin rota, abin da ke juyawa a cikin distirbuta, ya fuskanci tsagin nan, alamar da ke kan babban fuli na ƙasa kuma ta zo daidai da layin da ɓari biyu na gangar inji suka haɗu. Yanzu fistin na 1 yana sama, bawul ɗinsa biyu a rufe.

Kwanta ta bayan tayar baya ta dama. Murfin bawul wata lanƙwasasshiyar waya ce ke riƙe da shi, ka ɓamɓare ta ƙasa da babbar sukudireba. Kafin ka cire murfin ka goge kewayensa, don a nan yashi ke taruwa. A ciki akwai roka huɗu, ƙarafan da ke danna bawul. Biyun gaba na silinda na 1 ne. Zura fila-geji mai milimita 0.15 tsakanin kan bawul da kusar roka. Wannan ita ce tazarar injinan 1300, 1500 da 1600, bawul na shigar mai da na fitar hayaƙi duk ɗaya. Ƙarfen ya shige da ɗan ja, kamar kana zare takarda daga tsakiyar littafi. In ya ƙi shiga, ko ya shige yana lilo, sassauta noti da sifana 13, juya kusar da sukudireba har ka ji jan nan, ka riƙe ta kam ka ɗaure notin. Sai ka sake aunawa, domin sau da yawa ɗaure noti yana jan kusar.

Daga nan ka juya inji baya, saɓanin tafiyar hannun agogo, rabin zagaye daidai: ka zo na 2. Wani rabin, na 3, ka koma ɓangaren hagu. Wani rabin, na 4. Dalilin juyawa baya shi ne injin yana ba da wuta ne a jerin 1-4-3-2, in ka bi shi a baibai sai ya zama 1-2-3-4, ba ka yi ta zagaye mota ba. Ka ja layi da alli a kan fuli daura da alamar farko don ka san inda rabin zagaye ya tsaya.

Littafin nan da na ce ka tanada, ga amfaninsa. Kafin ka gyara kowane bawul, rubuta yadda ka same shi. Bawul mai sako-sako surutu kawai yake yi, kas-kas-kas kamar keken ɗinki. Mai haɗari shi ne wanda ya yi shiru. Bawul yana sauke zafinsa ne a ɗan lokacin da ya zauna a mazauninsa; in tazara ta ƙare ba ya zama sosai, sai ya ƙone. Idan ka ga wani bawul na hayaƙi, wato na gefe-gefe, kullum ka dawo sai ka tarar ya sake matsewa, to wuyansa ne ke miƙewa, wata rana kansa zai gutsure ya faɗa kan fistin. Ka fi sa ido a kan na 3. A injinan da aka yi kafin 1971, abin sanyaya mai yana tsaye ne a kan hanyar iskar da ke zuwa wajensa, shi ya sa ya fi 'yan uwansa shan zafi. Matsewa sau biyu a jere ta isa ka sauke kan silindar, ya fi maka arha nesa ba kusa ba.

Sa sabon gaskit, ka liƙa shi a jikin murfi kawai, ka mayar da wayar.

Fulogi, kwantak da taimin

Tun inji bai yi zafi ba ka kwance fulogai, ka jera su yadda suka fito don ka san na wane silinda ne. Launin ƙasa-ƙasa lafiya ke nan. Baƙi mai gari kamar gindin tukunya, fetur ya yi yawa. Baƙi mai maiƙo, inji na shan baƙin mai. Fari fat, wannan ne abin tsoro: silindar na ƙuna. Tazarar bakin fulogi milimita 0.6 zuwa 0.7. Irin da aka saba sa mata Bosch W8AC ne ko NGK B5HS, masu gajeren zare. Kada mai shago ya ba ka dogo ya ce duk ɗaya ne. Wajen mayarwa ka fara ɗaurawa da yatsu har ya zauna, sannan ka ɗan ƙara da sifana. Zaren alminiyam ba ya yafiya. Kowace wayar fulogi tana da wata roba mai faɗi da ke toshe ramin da ke jikin kwanon inji. Ba ado ba ce, in babu ita iskar da ya kamata ta bi ta kan silinda ta nan take zurarewa.

Kwantak, ɗan makunnin wuta da ke cikin distirbuta: juya inji har ƙafarsa ta hau kan tudun sandar distirbuta, bakinsa ya buɗe iyakar buɗewa. Tazarar milimita 0.4. In bakin ya yi ƙuraje ka canza shi. Ka shafa giris kamar ƙwayar gero a jikin sandar, kar ya taɓa bakin kwantak. Game da kwandansa, ra'ayina shi ne in tsohuwar na aiki ka bar ta, ka ajiye sabuwar a mota. Na taɓa cire ta asali mai lafiya na sa sabuwa mai arha, ba ta yi sati ba ta ajiye ni a hanyar Gujungu ranar kasuwa.

Duk lokacin da ka taɓa tazarar kwantak, taimin ya motsa, shi ya sa yake biyo baya. Matsalar ita ce a cikin shekara arba'in da wani abu, da wuya ka sami Bitil ɗin da ba a canza mata fuli ko distirbuta ba, don haka tsagin da ke kan fulinka ba lallai ne ya zama abin da kake zato ba. Ka tabbatar da kanka: cire fulogi na 1, zura siririn kara mai laushi ya taɓa kan fistin, ka juya inji sannu-sannu gaba da baya har ka gane inda karan ya daina fitowa. Nan ne ƙololuwa, ka yi alama. Yawancin distirbuta masu tiyon iska ɗaya, da wadda ake kira 009 marar tiyo, ana fara saita su a digiri 7.5 kafin ƙololuwa, wanda a fuli na asali ya kama kimanin milimita 11 zuwa dama da alamarka.

Kawo wannan sabuwar alama kan layin gangar inji, rota na kallon na 1. Ɗaura waya ɗaya ta ƙwan gwajinka a ƙafar kwayil mai lamba 1, wadda siririyar wayar distirbuta ke zuwa, ɗayar a jikin inji. Murɗa makulli ba tare da ka tayar ba. Sassauta notin da ke riƙe da wuyan distirbuta, juya ta yadda hannun agogo ke tafiya har ƙwan ya mutu, sannan ka dawo da ita baya a hankali. Daidai inda ƙwan ya kama, tsaya, ɗaure. Kashe makulli nan take, barin sa a kunne yana dafa kwayil. Idan distirbutarka mai tiyo biyu ce, wannan awo ba nata ba ne, sai da fitilar taimin inji na aiki. In ka sami aron fitilar, ko wace iri ce taka, ka cire tiyon iska ka ba ta wuta sosai ka duba: kada ta wuce digiri 30 zuwa 32.

Direbobi na son a ƙara taimin don mota ta yi tsalle da an taɓa totur. Tana yi kuwa, na ɗan lokaci. Garin neman gira ake rasa ido: in kana hawa tudu ko kana cikin yashi ka ji wata ƙara kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani, fetur ne ke fashewa kafin lokacinsa, kuma yana iya huda fistin. Ka rage.

Wayoyin fulogi a kan murfi, daga inda tsagin yake, ka bi hannun agogo: 1, 4, 3, 2.

Fambel da hanyar iska

Fambel ɗaya ne a motar, kuma ran injin a hannunsa yake, domin fanka a bayan dinamo take, sanda ɗaya suke hawa. Danna tsakiyarsa da babban yatsa, ya lotsa kamar santimita ɗaya zuwa ɗaya da rabi. Ba a ja da dinamo kamar sauran motoci. Fulin sama ɓari biyu ne da wasu siraran washa a tsakani. Ka tokare shi da sukudireba ta tsagin bayansa, ka kwance notin, ka rage washa in kana son ya ɗaure, ka ƙara in ya yi tsauri. Waɗanda ka cire kar ka yar, a ƙarƙashin notin ake mayar da su.

Jar fitilar caji ta kama kana tafiya? A wata mota kana iya lallaɓawa har gida. A Bitil ka tsaya a nan inda kake, ko da kana hango rumfunan garinku, ka duba fambel. In ya tsinke fanka ta tsaya, 'yan mintuna sun isa su gama da injin. Haka fitilar mai.

Inji a kashe, makulli a aljihunka, zura hannu bayan akwatin fanka ka laluba bakinta. Ni na ciro leda, na ciro tsumma, na ciro ɓawon masara da ɓera ya tara. Lokacin sussuka kuma ƙaiƙayi yana haɗuwa da maiƙo ya toshe tsakanin haƙarƙarin silinda, don haka motar da ke yoyon mai ta fi saurin zafi. Sai kwanonin da suka lulluɓe injin, da robar da ta zagaye shi ta raba sama da ƙasa. Bakanike da yawa in sun sauke inji ba sa mayar da su duka, wai ai ƙarfe ne kawai. Aikinsu hana iska mai zafi ta ƙasa da ta salansa dawowa cikin fanka, kuma a hanyoyinmu su ne ke tare ƙura. Kwano ɗaya da ya ɓata ka neme shi wajen masu tsofaffin kaya.

Wata dabara ta tuƙi: gudun fanka yana bin gudun inji. In ka shiga yashi ko ka ɗauko buhuna, kar ka bar ta a babbar giya tana nishi. Sauko giya, inji ya yi kuka, ya fi masa lafiya. Bayan doguwar tafiya ka zaro sandar gwada mai. In ba ka iya riƙe kanta da yatsu, injin ya yi zafi fiye da kima.

Baƙin mai

Yanzu ka tayar, ka zagaya ta ɗumama, ka dawo ka juye. Injin asali ba shi da filtar mai irin ta gwangwani, wata rariya ce kawai a ƙasa, a bayan faranti mai noti shida. Rariya kuwa tsakuwa take tarewa, ba ƙura ba. Ƙa'idar kamfani kilomita 5,000 ce. Ni a hanyar burji ba na wuce 3,000. Kwance farantin, wanke rariyar da kananzir, ka duba abin da ta kama. Ɗan baƙin laka ba komai, amma ɓurɓushin ƙarfe mai ƙyalli labari ne marar daɗi. Gaskit biyu ne, ɗaya sama da rariya ɗaya ƙasa. Notocin nan shida ƙanana ne, ka ɗaure su a tsallake da tattausan hannu. Zuba lita biyu da rabi, 20W-50 ko SAE 40, daga galan mai hatimi, ba na kwalbar bakin hanya ba. Ka shinshina tsohon man: in yana warin fetur, ko kana ganin mai na ƙaruwa da kansa a sanda, fatar cikin famfon fetur ta yage tana zuba a inji.

Tukunyar tace iska da ke kan kafireto ita ma baƙin mai ne a gindinta, ƙura na faɗawa ciki ta nutse. Sauke ta a tsaye kar ta zube, kwashe lakar, wanke, zuba sabon mai zuwa layin da aka yi. Da hunturu ka leƙa ta duk sati. Kada wani ya rarrashe ka ka musanya ta da 'yar ƙaramar filta mai ƙyalli; a ƙurar Jigawa tsohuwar tukunyar nan ta fi ta.

Sai kafireto

In ka yi duk na sama, sau da yawa za ka tarar ciwon da kake zargin kafireto da shi ya tafi. In da saura, duba sunansa a jikinsa. Solex ne, 28, 30 ko 34 PICT. Inji da zafinsa, ka tabbatar faifan cok na sama ya miƙe tsaye. A 34 PICT-3 akwai kusoshi biyu a hagu. Ƙaramar ka ɗaure ta a hankali har ta taɓa, ka dawo da ita zagaye biyu da rabi. Babbar ita ke saita silo, wato gudun inji ba a taka totur ba, ana son juyi 800 zuwa 900 a minti. Sai ka koma ƙaramar, ka nemo inda inji ya fi sakewa, ka sake daidaita silo da babbar. Kusar da ke jikin hannun totur ba ta silo ba ce a wannan samfurin, a tsofaffin 28 da 30 na farko ne ake amfani da ita.

In silo ya ƙi zama duk yadda ka yi, iska ce ke satar shiga, ko ta robobin bututun da ke kai fetur da iska daga kafireto zuwa silinda da suka tsage, ko ta sandar totur da ta cinye mazauninta. Kama sandar ka girgiza, in tana wasa babu saitin da zai yi magani.

Kafin ka rufe, bi tiyon fetur da hannu daga inda ya shigo har kafireto. Bitil da yawa gobara ce ajalinsu, kuma daga nan take tashi: tiyo ya bushe ya tsage, ko ɗan bututun tagulla da ke shiga kafireto ya zare, fetur ya zubo kan distirbuta. Ja bututun ka ji ko yana motsi. Kowane bakin tiyo a sa masa maɗauri. Filtar fetur ta roba kar ta yi lilo tsakanin famfo da kafireto, ka sa ta can ƙarƙashin tanki. Batir kuma yana ƙarƙashin kujerar baya, ka rufe kansa, don in mai nauyi ya zauna ƙarafan kujera na iya haɗa wuta.

In ta ƙi tashi, ko ta mutu a hanya

Ka murɗa makulli ka ji shiru ko ƙas ɗaya: kawunan batir, sai faffaɗar wayar da ta haɗa giyabos da jikin mota. Tsatsa a nan tana sa mutum ya sayi sabon batir a banza.

Tana juyawa amma ba ta kamawa: wuta ko fetur, kuma wuta ake fara nema. Zare wayar tsakiya daga murfin distirbuta, riƙe ta da busasshen tsumma kusa da jikin inji, nesa da kafireto, wani ya murɗa. Tartsatsi shuɗi mai ƙara, wuta lafiya. Babu ko ja-ja mai rauni, duba ko kwantak na buɗewa, ko wuta na zuwa ƙafar kwayil mai lamba 15, sannan ka gwada kwandansar ajiya. In wuta na nan, cire tukunyar iska, leƙa maƙogwaron kafireto, ja totur da hannu inji a kashe. Ya kamata ka ga fetur ya yi tsartuwa. Babu? Zare tiyon da ke shiga kafireto ka sa a kwalba, a juya inji. In bai zo ba, ko famfo, ko filta, ko tsatsar tanki. Ka bar abin da ya zubo ya kwanta a kwalbar. In ka ga wani layi a ƙasa, ruwa ne, ka tuna inda ka sha mai na ƙarshe. Wanda ke nesa da gidan mai dole wata rana ya saya a galan, amma ya tace da kyalle mai tsabta. Motar da ta daɗe a ajiye kuma ka duba ɗan bututun da tanki ke shaƙar iska, zanzaro na son gina ɗaki a irin wannan rami.

Tana tashi, da ka ɗaga ƙafa ta mutu: akwai wani ɗan gwangwani mai waya a jikin kafireto da ke buɗe hanyar man silo. Makulli a kunne, cire wayarsa ka sake taɓawa, ya kamata ka ji ƙas. Sau da yawa wayar ce kawai ta zame.

Tana tafiya lafiya da safe, rana na take ta fara shiƙa ta mutu, ta huta ta tashi: taɓa kwayil, in ba ya taɓuwa shi ne ko kwandansa. In ba su ba, fetur ne ke tafasa a tiyon da ya jingina da wuri mai zafi, ko kuma bawul sun matse.

Tana rawa kamar da ƙafa uku: a silo, zare wayoyin fulogi ɗaya bayan ɗaya da filaya mai hannun roba. Wadda ka zare kukan inji bai canza ba, silindarta ce matacciya. Canza fulogi, gwada waya, auna bawul. In duk lafiya, sai a auna matsin silindojin da geji. Wanda ya faɗi ƙasa da 'yan uwansa sosai, bawul ya ƙone ko ringi ya gaji. Hayaƙi baƙi fetur ne ya yi yawa, ka duba cok da allurar fulot. Shuɗi kuwa baƙin mai ne. Ƙarar fuf-fuf daga gefe in ka taka totur, musamman da sanyi, kan silinda ne ya saki, wani lokaci dogayen kusoshinsa ne suka zare daga gangar inji.

Gwaji na ƙarshe, inji a kashe: kama babban fuli da hannu biyu, ja ka tura. Wasan da aka yarda da shi milimita 0.07 zuwa 0.13 ne, abin da ido ba ya gani. In ka ga yana motsi har kana jin ƙwas-ƙwas, ga kuma mai na ɗiga daga inda inji ya haɗu da giyabos, aikin ya wuce na gindin bishiya. Sauƙin abin, ɗauri huɗu ne ke riƙe da injin a jikin giyabos. Ka cire waya da tiyo da igiyar totur, ka tara jak a ƙasa bisa katako don kar ya nutse a yashi, ka dasa bayan motar a kan abin da ba zai goce ba, ku uku ku ja shi baya ku sauke. Ba sai ka ja motar zuwa Kano ba, injin kaɗai za ka ɗora a bayan akori-kura. Ka tattara kwanoninsa a buhu ɗaya ka ƙirga su a gaban mai gyara, ka kuma tafi da littafinka na awon bawul ya gani.